Kwanon gidana ya fara yoyo: in sake rufi ko in gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanon gidana ya shekara 12. Bara da damina ya yi yoyo a wuri uku, har silin ya yi tabo. Kafinta ya ce sai dai a sauke a sa sabo, ni kuwa ba ni da halin haka yanzu. Ko akwai wata dabara? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar sauke rufin nan. Yoyo a wuri uku ba ya nuna kwano ya mutu. Galibi laifin ƙusa ne, ko magudanar da ta toshe.

Kwano yana buɗewa da zafin rana, da dare kuma ya tsuke. Yau da gobe wannan motsi yana sassauta ƙusa, ramin ya faɗaɗa, robar da ke ƙarƙashin hular ƙusar ta bushe ta tsage. Nan ruwa yake samun hanya. Don gano wurin, shiga cikin silin da rana tsaka ka ɗaga kai. Duk inda ka hango haske kamar tauraro, sa alama da alli. Amma ka sani ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka ramin yana iya kasancewa can sama da inda tabon yake.

Ƙusar da ta yi lako-lako ba a sake buga ta a raminta. A zare ta, a sa wadda ta fi ta kauri mai hula da roba, ko kuma sukuru. A tudun kwano ake bugawa, ba a kwarinsa da ruwa ke bi ba; masu gaggawar gama aiki suna yawan yin wannan kuskure. In ramin ƙarami ne, a goge wurin ya bushe sarai, a manna tef ɗin nan mai kwalta da ake sayarwa a shagunan kayan gini, ya zarce ramin da kamar inci 2 ta kowane gefe. Kwaɓa siminti a shafa a kan kwano ɓarnar kuɗi ce: zai tsage, ya riƙe danshi, tsatsa ta ƙaru.

Sai shara, wadda mutane suka fi rainawa. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya ko mangwaro suna taruwa a kwarin rufi da bakin indararo. Da ruwan fari ya sauka sai su zama laka, lakar ta kwanta tana cin farin da ke kare ƙarfen. Gidajen da aka ɓoye kwanonsu a bayan katanga sun fi shan wannan wahala, domin da zarar indararo ya toshe ruwa zai taru ya koma ta ƙarƙashin kwano. A share a watan Maris ko Afrilu, kafin guguwar farkon damina, a sake dubawa a Agusta. A datse rassan da ke gugar rufin, a sauke duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake dannewa da su.

Tsatsar da take a sama kawai tana da magani. A kankare da buroshin waya, a wanke, a bari ya bushe, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai shafi biyu, da safe kafin kwano ya yi zafi. Mai hawa ya taka layin ƙusa inda katako yake, kada ya hau jiƙaƙƙen rufi, ya kuma kula da wayar lantarki.

Abin da zai sa mu goyi bayan kafintanka shi ne katako. Soka wa katakon tsinin sukudireba. In ya nutse, ko gari ya zubo, gara ko ruɓa ta gama da shi, kuma ba ƙusar da za ta riƙe. Irin wannan rufi ne iska ke kwashewa gaba ɗaya. Haka kwanon da tsatsa ta huda har yana murmushewa a hannu. Ko a nan ma ka ce ya ƙirga maka fallayen da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, a canza su kaɗai, a shafa wa sabon katakon maganin gara, sannan fallen kwano na sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla inci 6.