Tambayi Bakanike: Beetle ɗin Baba ta hana boris zama

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Bakanike, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da tsohuwar Volkswagen Beetle da na gada wajen mahaifina, injin lafiya lau, giya lafiya lau, amma tayar gaba ta ɓangaren direba ta sa ni a gaba wallahi. Boris na uku ke nan cikin shekara ɗaya, duk lokacin da aka sa sabo sai ta yi shiru na ɗan lokaci daga baya ta fara gurnani kamar jirgi, in na taɓa wilin bayan tafiya da zafi sosai. Bakanikena ya ce borisan yanzu duk jabu ne wai sai haƙuri, wani kuma ya ce ramukan hanya ne. Ɗaya ɓangaren kuwa tun zamanin Baba ba a taɓa shi ba. Mene ne mafita ranka ya daɗe?
— Mai karatu daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Toh ai ka ba da rabin amsar da kanka, da ka ce ɓangare ɗaya ne ke ci. Jabun boris akwai shi a kasuwa kam, ba na musu, amma sau uku a jere a taya ɗaya, ɗayar kuma tana zaune lafiya? Maganar ramuka ma ba ta shige ni ba, tun 1972 hannun dama muke bi a ƙasar nan, tayar dama ita ke shan gargadar gefen kwalta, ga shi ta hagu ce ke ba ka wahala. Akwai abin da ke kashe boris ɗin a wajen, kuma ko na Jamus ka samo a kwalinsa in ba a gyara abin nan ba zai bi sahun 'yan'uwansa.

Abu na farko, wannan karon kar ka bari yaran gareji su wurgar da tsohon. Ka karɓa ka wanke shi da kalanzir tas ka fita da shi rana ka duba. In 'ya'yan, wato ƙananan ƙarafan da ke birgima a cikin boris ɗin, sun koma shuɗi ko ruwan ƙasa-ƙasa kamar an gasa su, zafi ne, ko an ɗaure noti fiye da kima ko giris bai shiga ba ko birki na kamawa. In ka ga tsatsa da ɗigo-ɗigon ramuka, ruwa ya shiga. In ya yi dishi-dishi ba ya ƙyalli ga zane-zane, yashi ne. In kuma ka ga lotsawa a jere a jikin kofin, wato zoben da 'ya'yan ke birgima a kansa, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan, to guduma ya sha ran da aka sa shi, tun kafin ka bar gareji ya riga ya mutu.

Yanzu ga inda na fi zargi. A Beetle, dram ɗin birki na gaba shi ne gidan boris ɗin gaba ɗaya, ƙarfe ɗaya ne, boris biyu ne a ciki, babba ta ciki ƙarami ta waje, kowanne da kofinsa da ake dannawa a cikin dram. Masu gaggawa da yawa sai su sa sababbin 'ya'ya su bar tsohon kofi saboda cire shi akwai wuya, to sabo a kan tsohon kofi mai tabo ba ya kai ko'ina, tare ake canza su, ka tsaya a kai ka gani da idonka. Sannan in an zo sa sabon kofin ka lura, dole ya shiga da ƙyar, in ya faɗa da turin yatsa ko kana iya juya shi a mazauninsa to dram ɗin ya buɗe, wato wani boris da ya taɓa kamewa a baya ya juya kofin ya cinye wajen. Za ka ga bayan tsohon kofin ya yi sulɓi yana sheƙi. Wasu sai su bi mazaunin da fanci su tattsaga shi ko su cusa guntun gwangwani wai ya riƙe, wannan na kai ka gida ne kawai, dram ɗin za ka canza.

Haka shi ma sifindil, guntun sandar nan da dram ke hawa kanta. Ka goge ta ƙal ka bi ƙasanta da farce daidai inda babban boris ke zama, ta ƙasa take ci don can nauyi yake, in farcenka ya ji gaɓa ko ka ga wajen ya yi shuɗi an gama. Sabon boris ya kamata ya zame a kanta lif ba tare da girgiɗi ba. Kuma ka kai ta wajen masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, su auna, saboda wani dalili: a Beetle na Jamus masu boljoyin (mahaɗin ƙafar gaba mai kama da ƙwallo), mazaunin babban boris milimita 27 ne daga samfurin 1966, sai a tsakiyar 1968 aka mai da shi 29, sil ɗin ma, wato robar da ke tare giris, ya bambanta. Motocin nan kuwa, har da waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, sun shekara kusan hamsin ana cire kayan wata a sa wa wata, abu ne mai sauƙi a ce sifindil ɗinka na hagu ba na shekarar motar ba ne, mai shago kuma shekara kawai zai tambaye ka ya miƙo kwali. In ma motar ta taɓa dukan kwalbati da wannan tayar a duba ko sandar ta lanƙwashe, ido ba ya gani sai an ɗora ta a inji.

Sai ɗaurin noti, wanda nan ne yawancin yaranmu na yanzu ke faɗuwa kuma ba laifinsu ba ne sosai, sun taso ne da motocin da ake ɗaure notin tsakiyar taya tamau a wuce. Wannan boris mai tsini ba haka yake ba, yana son ɗan sarari, abin da kamfanin ya rubuta shi ne wasa na milimita 0.03 zuwa 0.12, kaurin silin gashi ke nan. Yadda ake yi, kana juya dram da hannu ɗaya kana ɗaure notin a hankali har komai ya zauna, sai ka sassauto kaɗan-kaɗan har washar da ke bayan notin ta yarda ta ɗan motsa in ka tura ta da bakin sukudireba ba tare da ka yi mata dole ba, nan za ka tsaya ka ɗaure ɗan bol ɗin alanki da ke matse notin (tsofaffin samfuri noti biyu ne da faranti a tsakani da ake lanƙwasawa, shi kuma sabo ake sawa). Ka tuna fa ɓangaren hagu zarensa na hagu ne, yadda ake ɗaure sauran notuna haka shi ake kwance shi, sau da yawa yaro zai yi ta dukansa da cizil yana zaton ya ƙi kwancewa alhali ƙara matse boris yake yi, ya ɓata zare ya ɓata boris.

Wani abu kuma da ya keɓanta da tayar hagu, wayar sifido mai nuna gudun mota ta cikin sifindil ɗin take bi ta fito ta tsakiyar murfin giris a riƙe ta da ɗan kilif. In robar da ke bayan sandar ta ruɓe ko bakin murfin ya buɗe, ruwan damina da na masu wankin mota ta nan yake bi ya shiga, sai giris ya koma kamar koko. A toshe bakin da ɗan gam bayan an sa kilif, sil na ciki kuma sabo kowane lokaci.

Giris a samu na boris mai jure zafi, a sa a tafin hannu a riƙa danna boris ɗin a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin 'ya'yan, shafa shi a sama-sama ba ya komai, kuma kar a haɗa sabo da tsoho ko iri biyu. Zafin da ka ce kana ji shi ma a bi shi, a ɗaga motar a jak a taka birki a saki a juya tayar, in ta cije to silindar birki ce ta kame ko tiyon birki ya kumbura ta ciki, dram zai yi zafi ya narkar da giris ko da komai na boris daidai ne.

In duk an duba ba a ga komai ba, dram na hagu da na dama iri ɗaya ne, a sa sabon boris a na hagu, sannan a musanya su kowanne da borisansa, a gyara shu ɗin birki. In daga baya gurnanin ya ɓullo a dama dram ne, in ya sake ɓullowa a hagu sifindil ne. Amma kafin nan dan Allah kar ka hau hanyar Kaduna da ita a haka, ƙaramin boris na waje in ya kame a guje yana iya narkewa a jikin sandar har ta karye tayar ta fice. Ka turo mana hoton tsohon boris ɗin bayan ka wanke, ciki da bayan kofin duka.