Gashin maruƙana ya koɗe, ko kanwa ce ba ta ishe su ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina kiwon shanu a gida a yankin Funtuwa. Tun shigowar rani gashin maruƙana ya yi buzu-buzu, ba ya sheƙi, wani baƙi a cikinsu ma ya koma ja-ja. Suna lasar bango, suna taunar leda. Ga shi kuwa ina jiƙa musu kanwa. Me ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Baƙin maraƙin nan da ya koma ja shi ya fi ɗaukar hankalina, domin alama ce da aka sani ta ƙarancin sinadarin jan ƙarfe, wato kofa. Da shi jiki ke haɗa launin gashi. In ya yi ƙaranci, baƙi sai ya koma ja, ja kuma irin na shanun Rahaji ya koɗe, sau da yawa daga kewayen ido ake farawa. A jikin farar Bunaji da wuya ka ga wannan sauyi, sai dai kaushin gashi da zawo da rashin girma.

Abin da ya sa ya fi kama maruƙa shi ne madara ba ta ɗauke da kofa sosai. Maraƙi yana dogara ne da abin da ya tara a hantarsa a watannin ƙarshe na ciki. In uwa ta yi ciki a kan busasshiyar ciyawa da kara kawai, ɗanta zai zo duniya da ɗan guziri kaɗan. Saboda haka ka haɗa da iyayen a gyaran, musamman masu ciki.

Kanwa kuwa tana da amfani, ba na raina ta. Ita da gishiri sodiyam suke bayarwa, abin da makiyayan Nijar ke kai dabbobinsu nema a yankin Ingal a ƙarshen damina. Amma ba ta toshe gurbin kofa, ko zinki, ko fosfaras. Lasar bango da taunar leda ko ƙashi sun fi nuna ƙarancin gishiri ko fosfaras, kuma leda ka kawar da ita yau, tana cushe tumbi har ta kashe dabba.

Kafin ka sayi komai, a duba kashinsu da jininsu a asibitin dabbobi. Tsutsar ciki da ciwon hanta da sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa, duk suna lalata gashi haka. In kuma akwai ɓawo-ɓawo a baya, gashi na tugewa tare da shi, wannan kirci ne, maganinsa daban.

Daga nan ka nemi dutsen lasa na shanu, ka karanta jikin kwalin ka tabbatar akwai kofa da zinki da fosfaras, ba zallan gishiri ba. Buƙatar saniya kusan miligiram 10 ne na kofa a kowane kilo na busasshen abinci, kaɗan ne ƙwarai, don haka allurarsa sai da likita. Ka ƙara musu harawa da dusa da ƙulin auduga, don yunwa kanta tana kashe sheƙin gashi. In kana da tumaki a gidan, kada su lashi dutsen shanu: kofa na taruwa a hantarsu ya zama guba.

Tsohon gashin ba zai koma baƙi ba, sai sabo ya fito, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku.