Me ya sa masu ra'ayin mazan jiya a Amurka suka yaƙi dokar lafiya ta Obama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a Gusau. Kusan kullum ina ganin mutum ya ninke takardar maganin da likita ya rubuta masa, ya sa a aljihu, ya kama hanyar gida don ba shi da abin saye. Shi ya sa kaina ke ɗaurewa idan na ji cewa a Amurka akwai mutanen da suka yi shekara da shekaru suna yaƙi da shirin inshorar lafiya na Obama, wai gwamnati ta cika shiga rayuwarsu. Ƙin talaka ne, ko ƙin Obama ne, ko akwai hujjar da ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan aiki da kake yi wa bayin Allah.

Akwai hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ba zan ɓoye maka cewa wasu sun ƙi Obama don launin fatarsa ba, tunda har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011 saboda masu cewa ba a Amurka aka haife shi ba. Amma wannan rigima ta girme shi nesa ba kusa ba. Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta ce gurguzu ne zai shigo ta ƙofar asibiti, shirin ya mutu. Bill Clinton ya gwada a 1993, nasa ko ƙuri'a ba a kai ga kaɗawa ba. Abin da ya samu wucewa a tsakani shi ne Medicare na tsofaffi da Medicaid na marasa galihu, a 1965, zamanin Lyndon Johnson. Saura kuwa, yawancinsu ta wurin aiki suke samun inshora, al'adar da ta samo asali lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi, kamfanoni suka koma jan ma'aikata da inshorar lafiya. Wanda ba shi da irin wannan aiki sai ya sayi tasa da kansa, ko ya zauna haka nan. A 2010 masu zama haka nan sun kusa miliyan 50, wajen kashi 16 cikin 100 na jama'ar ƙasar.

Mai ra'ayin mazan jiya a can yana kallon gwamnatin tarayya kamar baƙon da aka ba ɗaki ɗaya a gida, aka rubuta masa iyakarsa. Kundin tsarin mulkinsu ya lissafa abubuwan da majalisar tarayya za ta iya yi, sannan gyara na goma ya ce duk ikon da ba a ba ta ba na jihohi ne ko na jama'a. Da wannan ido suke duba kowace sabuwar doka. Ronald Reagan, wanda suke ɗauka jagora, ya faɗa ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa a 1981 cewa a halin da ake ciki gwamnati ba ita ce maganin matsalar ba, ita ce matsalar.

Lokacin da dokar ta zo ma ya ƙara wa wutar fetur. A ƙarshen 2008, George Bush na kan mulki, aka ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Obama na hawa, a Fabrairun 2009, aka ƙara biliyan 787 na farfaɗo da tattalin arziki, daga baya gwamnati ta zama mai mafi yawan hannun jari a kamfanin motoci na General Motors. Mai shagon da ya rufe shagonsa, ba wanda ya cece shi, yana kallo ana ceton manya da harajinsa. A cikin wannan fushi aka haifi gangamin Tea Party, wanda ya ari sunansa daga abin da ya faru a Boston a 1773, lokacin da mazauna garin suka zubar da akwatunan ganyen shayi a teku don ƙin harajin Ingila. Da 'yan majalisa suka koma mazaɓunsu hutu a Agustan 2009, sai suka tarar da ɗakunan taro maƙil da dattawa maza da mata, wasu riƙe da ɗan ƙaramin kundin tsarin mulki na aljihu, ana yi musu ihu kafin su gama jimla ɗaya.

Ita dokar, wadda Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, a kan duwatsu uku ta tsaya, kamar murhu. Na farko, an hana kamfanin inshora ya ƙi karɓar mutum ko ya tsauwala masa kuɗi don yana da tsohon ciwo, irin su ciwon suga ko daji. Na biyu, an wajabta wa kusan kowa ya mallaki inshora, in ya ƙi ya biya tara. Na uku, gwamnati za ta tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma faɗaɗa Medicaid. Dalilin dutse na biyu a fili yake ga duk wanda ya taɓa shiga gidauniya. In an ce ba za a kori mara lafiya ba, kuma ba a tilasta wa mai lafiya ya shiga ba, kowa zai jira sai ciwo ya kama shi sannan ya zo ya yi zubi. Asusun da masu ɗiba suka fi masu zubi yawa ba ya kai labari.

A kan wannan dutse na biyu aka yi mafi zafin faɗa. Tarar ta fara da dala 95 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar mutum a 2014, ta kai dala 695 ko kashi 2.5 a 2016, duk wanda ya fi yawa. Masu adawa suka ce ba kuɗin ne damuwarsu ba. Gwamnati ta saba ɗora haraji a kan abin da ka saya ko ka samu, amma yau ga ta tana cin ka tara don ka ƙi sayen haja daga hannun ɗan kasuwa. Ko inshorar mota da ake kawo musu misali da ita, suka ce ai jihohi ne ke wajabta ta, kuma wanda ba ya so yana iya barin tuƙi, wannan kuwa sai dai ka bar numfashi. Suka yi tambaya: in an yarda da wannan, me zai hana gobe a ce dole ka sayi ganyen lambu don yana gyara jiki? Tambayar ta kai har zauren Kotun Ƙoli, bayan jihohi 26 sun haɗu sun shigar da ƙara. Ranar 28 ga Yuni 2012 kotun ta yi hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda Bush ne ya naɗa shi, ya yarda da masu ƙara cewa ikon majalisa na tsara kasuwanci bai kai ta tilasta saye ba, sannan ya ce amma tarar haraji ce, majalisa kuwa tana da ikon sa haraji. Har yau akwai masu ra'ayin mazan jiya da ba su yafe masa ba. A hukuncin dai kotu ta ce ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba, kuma wannan zai dawo a ƙarshen maganata.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, ba 'yan Democrat, jam'iyyar Obama, ne suka ƙirƙiro wajabta inshora ba. Cibiyar Heritage, ta masu ra'ayin mazan jiya, ta ba da shawarar makamancinsa a 1989, Mitt Romney ɗan Republican kuma ya sa hannu a kan irinsa yana gwamnan Massachusetts a 2006. Amsar da suke bayarwa ita ce abin da jiha ɗaya ta zaɓa wa kanta daban, abin da Washington ta ɗora wa jihohi 50 daban. Amsar tana da nauyi a tsarinsu, ko da yake ba na shakkar cewa siyasa ma ta yi aikinta.

Yadda aka zartar da dokar ya bar tabo. Majalisar Dattawa ta amince da ita ranar jajibirin Kirsimeti ta 2009 da ƙuri'a 60 da 39. A Janairu mutanen Massachusetts, jihar da 'yan Democrat suka daɗe da riƙewa, suka ba Scott Brown ɗan Republican kujerar marigayi Ted Kennedy a Majalisar Dattawa bayan ya yi alkawarin taka wa dokar birki. Duk da haka Majalisar Wakilai ta wuce da ita 219 da 212, babu ɗan Republican ko ɗaya a cikin masu goyon baya. A zaɓen Nuwamban 2010 jam'iyyar Republican ta ƙara kujeru 63 a wannan majalisa.

Sai kuma ciwon da mutane suka ji a jikinsu, wanda masu kare dokar suka daɗe suna rainawa. Obama ya sha nanata cewa duk mai son inshorarsa zai ci gaba da riƙe abarsa. A ƙarshen 2013 miliyoyin mutane suka buɗe ambulan suka ga wasiƙar soke inshorarsu, don ba ta cika sababbin sharuɗɗa ba, a daidai lokacin da shafin intanet na sayen sabuwa ya ƙi aiki. Ɗauki manomi ko mai aikin famfo da ke cin gashin kansa. Abin da yake samu ya ɗan haura iyakar tallafi, wadda a lokacin aka tsayar a ninki huɗu na ma'aunin talauci, don haka ba ya samun ko sisi. Sabuwar inshorar ta ƙunshi abubuwan da bai nema ba, kamar kula da mai ciki ko da shi gwauro ne. In matashi ne, yana ɗauke da wani ɓangare na nauyin dattijai, tunda doka ta hana a caji babba fiye da ninki uku na abin da ake cajin matashi. Kuɗin wata-wata ya yi ta hawa, a yankuna da dama kamfani ɗaya tak ya rage a kasuwar zuwa 2017. Wannan mutum ba talaka yake ƙi ba. Shi aka sa ya biya, kuma ba a gaya masa gaskiya tun farko ba. Akwai kuma masu addini: iyalan da suka mallaki shagunan Hobby Lobby sun ƙi biya wa ma'aikata wasu magungunan hana ɗaukar ciki saboda imaninsu, suka yi nasara a Kotun Ƙoli a 2014.

Zuwa nan ina tare da su a abubuwa da yawa. Inda muka rabu shi ne a kan mutumin nan naka mai takarda a aljihu. Tun 1986, da sa hannun Reagan kansa, doka ta wajabta wa asibitoci su duba duk wanda aka kawo sashen gaggawa ko ba shi da kuɗi. Ashe wanda ya ƙi inshora bai tsaya da ƙafarsa ba, domin ranar da mota ta buge shi za a yi masa aiki, kuɗin kuma ya watsu a kan sauran jama'a. Sannan wasu jagororinsu sun ɓata hujja mai kyau da ƙarya, kamar zancen da Sarah Palin, tsohuwar gwamnar jihar Alaska, ta yi a 2009 cewa za a kafa kwamitocin da za su yanke wanda zai rayu da wanda zai mutu, abin da babu shi a dokar. Mafi muni, sun yi shekara bakwai suna cewa za su soke su kawo madadi, har aka rufe ma'aikatun gwamnati kwana 16 a Oktoban 2013 a kan haka, amma da mulki ya dawo hannunsu gaba ɗaya a 2017 sai aka ga ba su haɗu a kan madadin ba. Me za a ce wa mai ciwon daji da kamfani zai sake rufe wa ƙofa? A lokacin marasa inshora sun sauko zuwa wajen kashi 9 cikin 100. Da tsakar daren 28 ga Yulin 2017, John McCain, sanata ɗan Republican, da sabon ɗinki a saman idonsa na hagu bayan an gano masa ciwon daji a ƙwaƙwalwa, ya tako gaban zauren Majalisar Dattawa, ya miƙa hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa. Ƙudurin sokewa ya faɗi 49 da 51. Abin da suka iya samu shi ne mayar da tarar sifili a dokar haraji ta Disamban wannan shekara, ya fara aiki a 2019.

Na fahimci abin da ya sa abin ya zo maka baƙo. A Najeriya ma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, amma ba ka ga an cika tituna a kai ba. Kukanmu shi ne gwamnati ba ta iso ba. Ba'amurke kuwa hukumar haraji ta san abin da ya samu a shekara, kuma kafin a mayar da tarar sifili, daga cikin rarar harajin da za a mayar masa ake cire ta. Wanda hannun gwamnati ke isa aljihunsa haka dole ya damu da tsawon hannun.

Su kansu masu zaɓen mazan jiya ba su ƙi dokar duka ba, sun rarrabe ne. A Agustan 2010 mutanen jihar Missouri suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kashi 71 cikin 100 suka yi watsi da wajabta inshora. Shekara goma cif bayan haka, a Agustan 2020, jihar ta amince da faɗaɗa Medicaid da kashi 53, kamar yadda Idaho da Utah da Nebraska da Oklahoma suka yi ta hanyar ƙuri'ar jama'a. 'Yan majalisar dokokin Missouri suka ƙi ware kuɗin, sai da kotun ƙolin jihar ta sa baki a 2021 sannan aka fara yi wa mutane rajista. Texas da Florida kuwa ba su faɗaɗa ba.