Abin da ya sa muke tone miskit a Kasala

Ɗana, na ga saƙonka, na kuma gane hoton da ya tayar maka da hankali: ni da ƙannena a bakin gona, ga tulin itace ana shirin cinna masa wuta. Ka ce ku a Jigawa ana ta fama da dashe don a tare hamada, mu kuma a nan Kasala, gabashin Sudan, da muka fi ku kusa da bakinta sai sara muke yi. Tambayarka tana kan hanya. Sai dai abin da ka gani ba gawo ba ne, ba aduwa ba ce. Sunansa miskit. Masana sun ce danginsu ɗaya da ƙirya, amma asalinsa nahiyar Amurka ne.

A 1917, zamanin Turawan Ingila, aka kawo shi Sudan, aka fara dasa shi a wajen Khartum. Bai yi tashe ba sai bayan farin shekarun 1970 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, yashi ya rinƙa cin ƙauyuka. Ga itacen da ba ya jin ƙishirwa, rani da damina kore shar. Wa zai ƙi? Aka yi ta rabon dashe, mu ma mun karɓa, ni da hannuna na ba shi ruwa.

Awaki ne suka ƙarasa aikin. 'Ya'yan itacen suna da zaƙi, akuya ta ci, ƙwayar ta fito a kashinta lafiya lau, har ta fi saurin tsira. Sai kuma kogin Gash. Kai da ka saba da kogin Haɗeja ba za ka gane halinsa ba: daga tsaunukan Eritiriya yake gangarowa, wata uku kawai yake gudu, daga Yuli zuwa Satumba, kuma ba ya kai teku. A fili yake bajewa arewa da Kasala, ya bar laka mai albarka, a kanta ake shuka dawa. To, duk inda ruwan nan ya kwanta, da irin miskit yake kwanciya. Gonar da ka bari shekara biyu, ka dawo ka tarar da kurmin ƙaya wanda jaki ma ba ya ratsawa. Ƙayarsa tana huda takalmi, tana huda tayar mota. Ya toshe magudanan ruwa a nan, ya toshe na Sabuwar Halfa, yankin noman rani a jiharmu. A 1995 gwamnati ta fitar da doka a kawar da shi daga ƙasar. Shekara talatin ke nan, yana nan daram.

Masu ilimi sun sha zuwa da takardunsu, kowa da bakinsa. Malamin gandun daji ya ce garkuwa ce daga yashi, kuma gaskiya ya faɗa, akwai ƙauyukan da ba don shi ba da tuni an tashi. Malamin gona ya ce annoba ce. Mai binciken ruwa ya ce saiwarsa tana bin ruwan ƙasa har inda rijiya take sha. Mai lissafin arziki kuma buhunan gawayi yake ƙirgawa. Ni dai ban taɓa ganin su huɗun sun zauna a tabarma ɗaya ba, balle su tambayi mai gonar.

Mu ga yadda muke yi. Gayya muke kira, wadda mutanen nan suke ce wa nafir. Ba a sare shi a bar kututture, don zai tofo da rassa goma. Tono ake yi har ƙasa a cire gindin. Ba ma zuba takin awakin da suka yi kiwo a kurminsa a lambu. Abin da aka tone kuma gawayi ake yi da shi, mai kyau ne, yana daɗewa a murhu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gas ya yi wuya, garin ya cika da 'yan gudun hijira, kowa ya koma gawayi. Da babu miskit, da bagaruwa da kurna ne suka sha gatari. Su kuwa a gonarmu ba a taɓa su. Kakanka da ya tsaya a nan kan hanyarsa ta Makka ya hana, yana cewa inuwar da ka tarar ba taka ba ce kai kaɗai.

Na ji Sudan da Najeriya duk suna cikin shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Madalla. Amma in an kawo muku dashe, ka tambayi sunan itacen, ka tambayi inda aka taɓa dasa shi, sannan ka tambaya ko akuya tana cin 'ya'yansa. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata daddawar ta iso.