Kwamfutar tebur a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: ruwa ne abin tsoro

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa Winnipeg, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Ka ce ka kama haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira besmen a nan, ɗakin da sanyi, kuma kana fargabar kada sanyin ya lalata maka kwamfutar tebur da kake neman abinci da ita. Na daɗe a irin wannan ɗaki, kuma ina taɓa gyaran kwamfutocin 'yan'uwa, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Ka kwantar da hankalinka game da sanyin kansa. Kamfanoni irin su Dell da Apple galibi sukan rubuta cewa kwamfutocinsu na tebur suna aiki daga digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos. Ɗakin da mutum yake kwana a ciki galibi yana cikin wannan iyaka, ko da a waje an kai 30 ƙasa da sifili a watan Janairu. Kwamfuta ma ta fi jin daɗin ɗaki mai ɗan sanyi, fankokinta ba sa wahala. Abin da na ga yana kashe ta a besmen ruwa ne.

Ka san yadda kwalbar ruwa ke gumi idan an fito da ita daga firji? Haka duk ƙarfe mai sanyi yake yi idan iska mai ɗumi da laima ta taɓa shi. Idan ka ɗauko kwamfuta daga but ɗin mota a tsakiyar hunturu ka shigo da ita ɗaki, raɓa za ta kwanta a cikinta inda idonka ba ya gani. Ka kunna a lokacin, wuta ta haɗu da ruwa, shi ke nan. Don Allah ka bar ta a kwalinta ta yi sa'o'i, in da hali ta kwana, kafin ka jona ta. Wannan ya fi muhimmanci idan tana da tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, domin sabon nau'in ma'ajiya, wato SSD, ba shi da abin da ke motsi a ciki.

Abin da baƙi ba sa zato shi ne, Yuli da Agusta sun fi Janairu haɗari. A lokacin zafi iskar waje na ɗauke da danshi, bango da daɓen besmen kuwa suna nan da sanyinsu saboda ƙasa ce ta rufe su. Iskar da ke digiri 25 da danshi kashi 70 cikin ɗari tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 19, simintin besmen kuma sau da yawa ya fi haka sanyi. Shi ya sa buɗe taga don ɗaki ya sha iska a ranar zafi ƙara ɓarna yake yi. An taɓa kawo mini wata kwamfuta da aka bari a kashe a kan daɓe mai ita ya tafi gida hutu. Ko ɗigon ruwan sama bai taɓa ta ba, amma ramukan USB duk sun yi tsatsa, allon ciki da sassan kwamfutar ke jone a kansa ya yi kore-kore. Na ji takaici sosai, domin ƙaramin abu ne da zai hana hakan.

Ka sayi ma'aunin danshi, ba shi da tsada, ka ajiye kusa da ita. Ana so ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50. In ya riƙa wuce 60, sai ka nemi na'urar tsotse danshi. Ka duba takardarta kafin ka biya, saboda da yawa daga cikinsu ƙanƙara ke kama su idan ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18, akwai kuma waɗanda aka yi don wuri mai sanyi. Warin funfuna ko naso a jikin bango alama ce da ya kamata mai gida ya sani, don lafiyar ƙirjinka ma.

Sai ambaliya. Garin nan a bakin kogin Red yake, tsofaffin mazauna har yau suna ba da labarin ruwan 1997. Ba sai an kai ga haka ba: narkewar ƙanƙara a Maris da Afrilu, ko fashewar bututu, ko mutuwar famfon da ke kwashe ruwa daga ramin ƙasan gida, kowanne ya isa ya jiƙa daɓe cikin dare ɗaya. Kada ta zauna a ƙasa ko kaɗan. Ka ɗora ta kan tebur, ka janye ta daga bangon waje da ƙarƙashin bututu, wayoyin da ka jona ma ka ɗaga su sama. Idan kana da inshorar ɗan haya, ka tambaya ko ta haɗa da dawowar ruwan magudana, domin sau da yawa sai an ƙara shi daban.

Hita kuma, kada ka haska ta kai tsaye a kan kwamfutar, kada su haɗa soket. Ƙaramar hita na jan wat 1500, layin wutar gida na amfiya 15 kuwa iyakarsa wat 1800. Su biyun tare za su iya katse maka wuta kana tsakiyar aiki.

A hunturu iskar cikin gida na bushewa ƙwarai, har ka taɓa ƙofa ka ji tartsatsi, irin wanda muka sani a lokacin hunturun gida. In za ka buɗe cikinta, ka cire waya, ka fara taɓa ƙarfen akwatin kafin hannunka ya kai ga allon. Aikinka kuma ka riƙa ajiye kwafinsa a intanet ko a wani faifai da ba a besmen ɗin yake kwana ba. Idan ka samu ma'aunin, ka turo mana abin da ya nuna da safe da kuma dare, sai mu ga ko kana buƙatar na'urar tsotse danshin ko a'a.