Amsar Baffanka daga Nima kan matar da ke cikin hoton

Ɗana, saƙonka ya iso, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wato hoton da na saka a WhatsApp, na matar nan zaune gaban fiyano, shi ka kai majalisarku ta gindin darbejiya, aka yanke cewa Baffan Gana ya tsufa da rawar kai. Kana tambaya ko haka Hausawan Zango suke, dattijon sahun gaba yana jimamin mawaƙiyar Amurka.

Sunanta Roberta Flack, ta rasu ran 24 ga Fabrairu 2025 tana da shekara 88. Hoton bangon faifanta na farko ne, First Take, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a 1969. Ka riƙe shekarar nan, don ta shafe ka. A watan Nuwambanta ne gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. A cikin waɗanda aka loda a manyan motoci har da mahaifinka, yana ɗan yaro, shi ya sa kai ka tashi a ƙasar Gumel kana noman gero da riɗi, ni kuma na tsufa a Nima, cikin Ankara. Ankara tamu ta bakin teku nake nufi, ba ta Turkiyya ba.

Mu da muka rage, fataucin goro ne ya kawo kakanninmu, amma katangarmu ɗaya da ƙabilun Ga da Ewe da Asante. Da asuba yaro yana makarantar allo, da hantsi yana sayen koko da ƙosai, da yamma rediyon maƙwabci na zuba masa kiɗan highlife na Gana ta taga ko yana so ko ba ya so. Ranar biki mata su kira mai kalangu, samari su jira dare ya yi su kunna garmaho. Hausarmu ma ta sha ruwan teku, za ka ji mutum ya ce "matata ya zo" ba wanda zai ɗaga kai. Malamanmu sun yi faɗa a kan kiɗan nan sosai, musamman da suka ji cewa soul, salon waƙar su Roberta, daga waƙoƙin cocin baƙaƙen Amurka ta tsiro. Wasu sun bari, wasunmu muka rage sauti.

Da idona na gan ta. Ran 6 ga Maris 1971, bikin cika shekara 14 da samun 'yancin Gana, aka kawo mawaƙan Amurka dandalin Black Star, aka kwana ana kiɗa. Mu samarin Nima Wilson Pickett muka je gani, da Ike da Tina Turner, masu ihu da gumi. Da wannan baiwar Allah ta fito, muryarta a kwance, tana jan kalma kamar mai kaɗi tana jan zare, sai abokaina suka ce mu je neman ruwan sha kafin ta gama. Na bi su, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ashe a ƙasarta ma haka aka fara yi mata. Malamar makaranta ce a Washinton, ta shiga jami'ar Howard tana da shekara 15, da dare kuma tana waƙa a wani gidan shaƙatawa, inda makaɗi Les McCann ya ji ta ya haɗa ta da kamfani. Waƙa takwas ce a faifan, an ɗauke su cikin kamar awa goma. Masana kiɗa sun yaba, kasuwa ta yi shiru. Sai a 1971 jarumin fim Clint Eastwood ya ɗauki ɗaya daga ciki, The First Time Ever I Saw Your Face, ya saka a fim ɗinsa. A 1972 waƙar ta yi mako shida a saman jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, ta jawo faifan da ya kusan shekara uku yana barci shi ma ya hau sama, a 1973 aka ba ta Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Ko baiti ɗaya ba a ƙara ba, waƙar jiya ce aka waiwaya.

Wannan ne zai ba mutanen majalisarku mamaki, na sani. A wajenku mawaƙi a take yake sanin matsayinsa. Shata ya buɗe baki, kafin 'yan amshi su karɓa an fara liƙi, ubangida ya tuɓe riga ko ya miƙa makullin mota. In fili ya yi tsit, an gama magana. Su kuwa can ba ubangida, faifai ne ke yawo shi kaɗai shago-shago, mai shi tana gida ba ta san kunnen da zai faɗa ba. Mu 'yan Zango mun saba da duka biyun, muna liƙa wa mai kalangu ranar suna, mu kuma tara kuɗi mu sayi faifan wadda ba za ta taɓa kiran sunanmu ba.

Nawa na saya a hannun wani mai tsofaffin faifai, bayan duniya ta riga ta gama yabonsa. Da shi na yi zawarcin gwaggonka, Allah ya jiƙanta, ita da ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma takan ce matar nan ba ta gaggawa, a sake sa mata.

Zan sa jikata ta turo maka waƙar ta waya. Kada ka kunna a majalisa, su Malam za su cinye ka da surutu. Ka bari sai bayan lisha, in an kashe janareta gari ya yi shiru. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata daddawar da ta aiko ta hannun alhazan bara ta ƙare tun azumi.