Yadda ake hasashen lokaci da wurin da ƙaramar duniya za ta rufe tauraro

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambayi yadda masana ke iya faɗin rana da minti da yankin da za a ga wata ƙaramar duniya mai nisan gaske, irin su Haumea ko Eris, ta gilma gaban tauraro ta rufe shi, da kuma dalilin da ya sa taswirar hanyar inuwarta da ka gani watannin baya ta sha bamban da wadda aka fitar kwanan nan. Na daɗe ina bibiyar irin wannan husufi da ɗan madubin hangen nesa da kyamara, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, sauyin taswira yana cikin aikin, har ma ina zargin duk taswirar da ta shekara ba a taɓa ta ba.

Tauraron yana da nisan da haskensa ke iso mana a miƙe sambal, saboda haka inuwar da ƙaramar duniyar ke jefowa doron ƙasa faɗinta daidai yake da faɗin jikinta. Eris tana da faɗin kilomita 2,326, Pluto kuma 2,377, to haka inuwarsu take. Inuwar tana ratsa ƙasa da gudun kilomita 20 zuwa 30 a kowane sakan, kuma mafi yawan wannan gudu namu ne, domin duniyarmu tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a sakan, su kuwa waɗancan tafiyarsu a hankali take. Wanda ke cikin inuwar zai ga tauraron ya ɗauke, galibi na ƙasa da minti biyu, sannan ya dawo, wanda ke wajenta kuwa ba zai ga komai ba.

Wahalar tana cikin ƙanƙantar kusurwar da ake aunawa. Ana raba digiri ɗaya na sararin sama gida 3,600, kowane gida ana ce masa sakan na kusurwa, sannan a raba wannan sakan gida dubu, kowane gida a ce masa mili. Faɗin wata idan ya cika kusan rabin digiri ne, wato sakan 1,800. Eris, wadda nisanta ya ninka nisan rana da mu fiye da sau 90, gaba ɗayanta mili 33 ce ko kusa da haka, kamar kwabo ne da aka ajiye a nisan kilomita 150 aka ce ka nuna tsakiyarsa. A wannan nisa kuskuren mili ɗaya tak yana matsar da inuwa kusan kilomita 70 a doron ƙasa, a nisan da ya ninka na rana sau 40 kuwa kusan kilomita 29 ne. Idan lissafi ya kauce da mili hamsin, wanda ido ko ƙaramin madubi ba zai taɓa lura da shi ba, inuwar ta bar ƙasarku ta koma wata nahiya, ko ma ta wuce ta gefen duniya ba ta taɓa ko'ina ba.

Abubuwa biyu ake buƙatar sanin matsayinsu, tauraron da kuma ƙaramar duniyar. A da dukansu biyun ciwon kai ne, domin tsofaffin kundayen taurari suna da kuskuren gomman mili, wani lokaci har ɗari. Kumbon Gaia na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda aka harba a watan Disamba na 2013, shi ya kusan kashe rabin matsalar. Kundinsa na biyu ya fito a Afrilun 2018, na uku a Yunin 2022, da taurari kimanin biliyan 1.8, kuma irin taurarin da ake amfani da su a wannan aiki an san matsayinsu da kuskuren da bai kai mili ɗaya ba, tare da 'yar tafiyar da kowanne ke yi a shekara, wadda dole a lissafa ta daga shekarar awon zuwa daren husufin. Inda har yanzu tauraro ke ba da kunya shi ne idan yana da abokin zagaye da ba a gane ba, domin haskensu biyu a haɗe yana karkatar da tsakiyar da aka auna.

Ragowar rabin, wato hanyar da ƙaramar duniyar ke bi, ita ce ke motsa taswirarka. Pluto tana shekara 248 kafin ta zagaya rana sau ɗaya, kuma sai a 1930 aka gano ta, ke nan ko rabin zagayenta ba a gani ba. Eris tana shekara fiye da 550, ga shi sai 2005 aka gano ta, ko da yake daga baya an tsinto ta a tsofaffin hotuna. Daga ɗan guntun baka ake ƙoƙarin zana dukan hanyar, da hotunan da madubai daban-daban suka ɗauka, kowanne da nasa kuskuren. Ga kuma batun watanninsu. Pluto da watanta Charon suna juya juna cikin kwana shida da 'yan awoyi, kuma cibiyar nauyinsu tana wajen jikin Pluto, da tazarar kusan kilomita dubu biyu daga tsakiyarta, saboda haka wanda ya lissafa cibiyar ya manta da wannan rangaji zai kai mutane inda inuwa ba ta biyo ba. Haumea ma watanta Hi'iaka yana gurɓata awon haske ta irin wannan hanya. Shi ya sa ƙungiyar Lucky Star, ƙarƙashin Bruno Sicardy na cibiyar nazarin taurari ta Paris, take sabunta lissafinta mai suna NIMA duk lokacin da sabon awo ya shigo, musamman a makonnin ƙarshe, lokacin da tauraron da ƙaramar duniyar suka matso juna har suna shiga hoto ɗaya, a auna tazararsu kai tsaye.

Akwai wani bambanci da nake ganin shi ne mafi amfani ga mai shirin fita. Kuskuren lissafi iri biyu ne, wanda ke bin tsawon hanyar inuwa da wanda ke gittawa. Na farko lokaci kawai yake taɓawa: idan an kauce da kilomita dubu, a gudun kilomita 25 a sakan, husufin zai zo da wuri ko ya makara da sakan arba'in, kuma maganinsa shi ne ka fara ɗauka minti goma kafin lokaci, ka ci gaba minti goma bayansa. Na biyu ba shi da magani a hannun mutum ɗaya, domin kilomita dubu zuwa arewa ko kudu na nufin wata ƙasa ce za ta gani. Don haka tambayar "yaushe" ta fi tambayar "a ina" sauƙin amsawa nesa ba kusa ba. Idan ka buɗe taswira, kada layin tsakiya ya ɗauke maka hankali, nemi ɗigon layukan da ke nuna iyakar shakku, da ranar da aka sabunta lissafin.

Labarin Arrokoth ya nuna yadda abin yake a zahiri, ko da yake shi ba ƙaramar duniya ba ne, ɗan dutse ne mai tsawon kilomita 36 da kumbon New Horizons ke shirin ziyarta a lokacin. A ranar 3 ga Yunin 2017 tawagar masanin taurari Marc Buie ta baza madubai a Ajantina da Afirka ta Kudu, da awon madubin Hubble da na Gaia a hannunta, amma tauraron bai ƙyafta wa kowa ba. Aka gyara lissafi, ranar 17 ga Yuli aka jera madubai fiye da ashirin a kudancin Ajantina cikin iska mai ƙarfi, har aka tare musu iskar da manyan motoci, aka rufe babbar hanya saboda fitilun motoci, guda biyar suka kama shi, kuma daga nan aka fara zargin dunƙule biyu ne a manne. Ranar 4 ga Agustan 2018 aka sake a Senegal da Kolombiya, a Senegal ɗin tsakiyar damina ce, gajimare ya hana da yawa, amma an samu waɗanda suka gani. Da kumbon ya iso ranar 1 ga Janairun 2019, hoton ya yi daidai da siffar da inuwar ta zana.

Kowane husufin da aka kama yana ba da matsayin jikin da daidaiton da hoto ba ya iya bayarwa, shi ya sa na farko ne mai wuya, na biyu da na uku sukan zo kusa da inda aka ce. Ta wannan hanya aka tabbatar Pluto tana da iska a 1988, aka auna Eris daga ƙasar Chile a Nuwamban 2010, aka ga wata ƙaramar duniyar, Makemake, ba ta da iskar da ta lulluɓe ta duka a 2011, sannan ranar 21 ga Janairun 2017 madubai a Turai suka gano zoben Haumea. Eris dai da wuya take ba da dama, domin yankin da take ratsawa taurarinsa kaɗan ne, saɓanin Pluto da ta shafe shekaru tana ratsa cunkoson taurari.

Idan taswirar ƙarshe ta biyo ta kanku, lokacin da ke jikinta agogon duniya ne, a Najeriya da Nijar sai ka ƙara awa ɗaya, kuma ka kula da kwanan wata idan abin ya faɗo kusa da sha biyun dare. Taurarin galibi dishi-dishi ne, ba a ganinsu da ido, saboda haka ni nakan nemo filin tun daren da ya gabata a daidai wannan lokaci, in gwada tsawon buɗewar kyamara har tauraron ya fito fili a kowane hoto ba tare da na tsawaita ta fiye da kima ba. Agogon kwamfuta kaɗai ba abin dogaro ba ne, ana so lokacin GPS ya hau kan kowane hoto, tunda sakan ɗaya kilomita ashirin da wani abu ne a jikin abin da ake aunawa. Raɓa kan hau madubi da asuba, hazon hunturu kuma yakan cinye tauraron da bai yi sama sosai ba, ko da sama ta yi kamar garau. Idan ka ɗauka daga farko har ƙarshe tauraron bai ɗauke ba, ka aika wa masu shirya aikin rahoton tare da ainihin wurin da ka tsaya, domin da irin wannan rahoto ake sanin inda gefen jikin ya ƙare, kuma da hotunan waɗanda ke wajen babbar inuwa ake iya kama zobe ko ɗan wata.